Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Cibiyar CERN

Assalamu alaikum. Mai girma Minista da 'yan tawagarsa, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. A madadin abokan aikina na CERN, cibiyar Turai ta binciken ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa kowane abu, ina yi muku lale marhabin.

Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin inda muke zaune, zurfin kamar mita 100, akwai rami mai da'ira, tsawonsa kilomita 27, ya ratsa iyakar Faransa da Suwizalan. A cikinsa wani katafaren inji yake koro furoton, ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar atom, daga ɓangarori biyu, kowace tana kewaya ramin fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda, sannan a gwara kansu. Maganaɗisan da ke lanƙwasa musu hanya kuwa ana ajiye su cikin sanyin digiri 271 ƙasa da sifili.

Me ya kawo wannan wahala? Sababbin ƙwayoyi muke nema, kuma ƙwaya mai nauyi ba tsintar ta ake yi ba, ƙarfin karon ne yake rikiɗa ya zama ita. Kuma ba ta tsayawa a gan ta. Da ta bayyana sai ta tarwatse, mu kuma mu bi sawun ɓaraguzanta a na'urorin ATLAS da CMS har mu gane wace ce ta wuce. Ta irin wannan hanya aka gano ƙwayoyin W da Z a nan a 1983, da wani injin da ya gabaci wannan. Haka cibiyar Fermilab ta Amurka ta gano ƙwayar da ake kira kwak ɗin "top" a 1995, wadda ta ninka furoton nauyi fiye da sau 180. Ƙwayar Higgs, da aka yi hasashenta tun 1964, sai ranar 4 ga Yuli, 2012 aka ba da sanarwar samun ta. Shekara 48 ana jira!

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe: tun daga ranar ba mu sake kama wata sabuwar ƙwaya ta asali ba. A ƙarshen 2015 an ga alamar wata ƙwaya mai nauyin Higgs kusan sau shida, masana suka yi ta rubuce-rubuce ɗaruruwa a kanta. Da aka tara ƙarin bayanai a 2016, sai ta ɓace kamar ba a yi ba. Ashe dace ne kawai alƙaluman suka yi, ba ƙwaya ba ce. An ji zafi, amma a ganina ranar ce aikin nan ya fi nuna mutuncinsa, domin waɗanda suka ga alamar su ne suka fito suka ce babu. Duk inda muka leƙa ba mu samu ba, mun rage wa na baya wurin nema.

Roƙonmu guda ne: ɗalibin da za a turo nan, a ba shi shekaru, kada a tambaye shi sakamako bayan wata shida.

Yau injin yana hutu, don haka za mu iya sauka. Ga hular kwano nan an tanadar wa kowa. Bismillah, ranka ya daɗe.