Ƙiriniya ce ko lalura? Hira kan ADHD da abincin yara

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da likitar ƙwaƙwalwar yara da kuma malama masaniyar abinci mai gina jiki. Likita, ba gidan da babu yaron da ake cewa ya cika rawar kai. Yaushe ƙiriniya ke zama lalura?

Likita: Wa'alaikumus salam. Ai yaro da ƙiriniya aka san shi, wanda ya yi lamo shi ne ke ɗaga mana hankali. Lalurar da ake kira ADHD tana da sharuɗa, kamar yadda DSM-5, kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013, ya tsara. Alamu kashi biyu ne, kowane kashi tara: na rashin tattara hankali, da na yawan motsi da gaggawa. Sai yaro ya cika aƙalla shida a kashi ɗaya, sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu ko fiye. Idan a boko yake tashi-tashi amma a Islamiyya da gida lafiya lau, to a binciki ajin, ba yaron ba.

Mai gabatarwa: Ba mu misali yadda iyaye za su gane.

Likita: Ki aike shi ya sayo gishiri, ya dawo da ashana ko hannu wofi. Kullum fensir ya ɓata, takalmi ƙafa ɗaya ya rage a makaranta. Malam bai gama tambaya ba ya riga ya faɗi amsa, bin layi kuma ya gagare shi. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne nau'in shiru, kuma an fi ganinsa a 'yan mata masu lalurar: tana zaune tsaf, ido na kan allo, hankali na wani wuri. Sai a ce daƙiƙiya ce. Kimanin yara 5 cikin 100 ke da lalurar a duniya, kuma gado ne ya fi ƙarfi a cikinta. Bulala ba ta taɓa ta, sai dai ta ƙara wa yaro tsoro da ƙin makaranta.

Malama: Likita, kafin a kai ga sunan lalurar ai akwai abubuwan da ke kama da ita.

Likita: Sosai, Malama. A gwada ji da gani tukuna. A tambayi uwa ko yana minshari, domin kumburin naman maƙogwaro na hana barci mai nauyi, yaron da bai ƙoshi da barci ba kuwa ba gyangyaɗi yake yi ba, fitina yake yi. Ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12. Akwai kuma farfaɗiyar da ke ɗauke yaro na 'yan daƙiƙu, ya ƙura ido, a kira shi bai amsa ba. Sai gubar dalma. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ya kashe ɗaruruwan yara, ya isa ishara. Ko kaɗan ce ta shiga jini tana rage natsuwa. Wasu nau'o'in kwalli ma na ɗauke da ita.

Mai gabatarwa: Malama, iyaye da yawa sun ɗora laifin a kan sukari.

Malama: An daɗe ana faɗa, amma a 1995 mujallar likitoci ta JAMA ta haɗa gwaje-gwajen da iyaye da yara ba su san wa aka ba sukari ba, ba a ga ya canza hali ba. A rage shi don haƙori da ƙiba, kuma don yana cike gurbin abincin kirki. Launin da ake zuba wa alewa da lemon kwalba shi ne ke da ɗan tushe. Likita Benjamin Feingold ya fara maganar a Amurka a shekarun 1970, sannan binciken Jami'ar Southampton ta Ingila a 2007 ya ga ƙarin motsi kaɗan a yaran da suka sha haɗin launuka. Shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta gargaɗi a kan launuka guda shida. A duba lambobinsu a bayan leda: E102, E104, E110, E122, E124, E129. Ba kowane yaro suke taɓawa ba.

Mai gabatarwa: To yaya uwa za ta san ko nata na ciki?

Malama: Ta samu littafi, ta yi mako biyu tana rubuta abin da ya ci da yadda ya wuni. Idan ta zargi abu, ta cire shi shi kaɗai na mako biyu zuwa uku, sannan ta mayar ta gani. Kada ta gaya wa malamin aji ranar da ta cire, ta dai nemi ya riƙa ba ta rahoto, don ido na ganin abin da zuciya ke tsammani. Kuskuren da ke ba ni tsoro shi ne a hana yaro madara, ƙwai, alkama da gyaɗa a lokaci guda. Sai ya rame, kuma ba a san wanne ne mai laifin ba. Irin wannan tsarin sai da kulawar masani.

Mai gabatarwa: Me za a ƙara masa kuma?

Malama: Karin kumallo mai riƙe ciki kafin komai: koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ko ƙwai. Yaron da ya fita da ruwan shayi kaɗai, kafin ƙarfe tara hankalinsa ya koma ciki. Sai sinadarin ƙarfe: hanta, nama, wake, zogale, a haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba don jiki ya fi ɗauka. Shayi na rage shigarsa jini, a bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci, a kuma nisanta yaro da goro da lemon kwalba mai sinadarin kafeyin. Kifi mai maiƙo, irin su titus da sadin, sau biyu a mako. Ƙwayoyin man kifi amfaninsu kaɗan ne ƙwarai, har hukumar lafiya ta NICE ta Birtaniya ba ta ba da shawarar a ɗauke su magani ba.

Likita: Bari in ƙara a kan maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Kada a saya a kemis a fara ba yaro sai an auna jini da feritin, wato ajiyar ƙarfen da ke jiki, an ga ya yi ƙasa. Ƙarfe idan ya yi yawa guba ne, kwalba ɗaya a hannun ƙaramin yaro na iya kashe shi.

Mai gabatarwa: Idan an gyara abinci amma abin bai lafa ba fa?

Likita: Yawanci ba zai lafa gaba ɗaya ba, domin abinci tallafi ne. Yaro ƙasa da shekara shida ana farawa ne da horar da iyaye: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ido cikin ido, yabo nan take, a aji kuma kujerar gaba nesa da taga. Idan ya girma kuma karatu na lalacewa, likita na iya rubuta maganin metilfenidet. Yana rage sha'awar abinci, don haka a ba shi bayan ya karya, a tanadi abinci mai nauyi da yamma lokacin da ƙarfin maganin ya sauka. Ɗan shekara 10 zuwa ƙasa a auna nauyinsa duk wata uku, tsayinsa duk wata shida, a rubuta a kati a riƙa zuwa da shi asibiti.