Garin da Gwamnatin Faransa Ke Biyan Limaman Coci Albashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Strasbourg nake magana, can gabashin Faransa, dab da iyakar Jamus. Ku yi haƙuri da iska, tana ɗan shiga makirfon. Tun da aka yi rikicin hana abaya a makarantun Faransa saƙonni suke ta shigo mini, wannan ya ce wai an hana sallah a Faransa, wancan ya ce mace ba ta isa ta fita da ɗankwali ba. To yau sai ku biyo ni mu zagaya gari, ku gani da idonku.

Ku ɗaga kai tukuna. Wannan ita ce babbar majami'ar garin, da jan dutse aka gina ta, tsawon hasumiyarta mita 142. Ginin mallakar gwamnati ne. Limaman da ke jagorantar ibada a ciki, daga baitulmalin ƙasa ake biyansu albashi kowane wata. Babban limamin Katolika na garin nan, sai shugaban ƙasa ya sa hannu kafin naɗinsa ya tabbata. A Faransar da ake ce mana ba ruwan hukuma da addini ke nan fa.

Ga yadda abin ya samo asali. Ranar 9 ga Disamba 1905 majalisa ta yi dokar raba coci da gwamnati. A lokacin yankin nan na Alsace da Moselle yana hannun Jamus, tun daga 1871 har zuwa 1918. Da ya dawo Faransa sai mutanen yankin suka kafe a kan tsohuwar yarjejeniyar da Napoleon ya ƙulla da Paparoma a 1801, aka ƙyale su. Shi ya sa har gobe ake biyan limaman Katolika, da fastocin Furotesta, da malaman Yahudawa. A makarantun gwamnati na yankin ana darasin addini. A 2013 an kai maganar gaban kotun tsarin mulki, ta ce tsarin bai saɓa wa komai ba. Musulunci kuwa ba ya cikin jerin, tunda ba a san da shi ba lokacin da aka yi rabon.

Ita dokar 1905 ɗin, in ka karanta ta za ka yi mamaki. Sashe na farko cewa ya yi jamhuriya ta lamunce wa kowa 'yancin yin imani da abin da ya ga dama, da 'yancin yin ibadarsa. Sashe na biyu ne ya ce ba ta ɗauki wani addini nata ba, ba ta biyan kowa, ba ta tallafa wa kowa. Ashe hannun hukuma aka ɗaure. Kamar alƙalin wasa ne a filin ƙwallo: shi ne bai kamata ya sa rigar wata ƙungiya ba, amma 'yan kallo kowa ya zo da tasa. Aristide Briand, wanda ya jagoranci dokar a majalisa, har an kawo masa shawarar a hana limaman coci yawo da doguwar rigarsu a titi, ya ƙi. Wannan tsarin shi suke kira laisite, kuma ni dai in a haka ya tsaya, wallahi ba ni da ta cewa.

Bari in tsallaka, taragon na zuwa.

Abin ya fara juyawa ne a 1989, a wani gari da ake kira Creil, arewa da Paris, inda aka kori 'yan mata uku daga makaranta saboda sun ƙi cire ɗankwali. Majalisar shari'a mafi girma da ke duba ayyukan gwamnati ta ce sa alamar addini shi kaɗai ba laifi ba ne. Aka yi ta ja-in-ja har zuwa 15 ga Maris 2004, zamanin Jacques Chirac, aka yi dokar hana duk wata fitacciyar alamar addini a makarantun gwamnati na firamare da sakandare: hijabi, hular Yahudawa, babban gicciye. Yaran Sikh masu rawani su ma abin ya rutsa da su. A 2010, zamanin Sarkozy, aka hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar ta kai yuro 150. Wata mata ta kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, wadda a garin nan take, taragon nan ma yana wucewa ta ƙofarta. A 2014 kotun ta ba Faransa gaskiya. Sai 2023, Gabriel Attal yana ministan ilimi, ya hana abaya. Ranar komawa makaranta, a cikin ɗalibai wajen miliyan 12, 'yan mata 298 ne suka zo da ita, 67 suka ƙi canzawa aka mai da su gida. A kan wannan aka yi makonni ana cacar baki a talabijin.

Don haka masu tambaya, ga amsarku. Ba a hana sallah ba. Mace tana fita kasuwa da hijabinta, tana shiga jami'a da shi. Amma nauyin da dokar 1905 ta ɗora wa hukuma, a hankali an sauke shi an ɗora a kan yarinya 'yar shekara goma sha huɗu.

Akwai wata yayata 'yar Maraɗi da ke aure a nan. Wata safiya na raka 'yarta makaranta. Muna isa bakin ƙofa ta tsaya gaban gilashin wata mota da aka ajiye, ta zare allurar, ta naɗe mayafin ta cusa a aljihun jakarta, ta gyara kitsonta da yatsu. Ko minti ɗaya ba ta yi ba, hannu ya saba. Ƙawayenta biyu na gefe suna yin irin haka. Na ce, "'Yata, abin ba ya damunki?" Ta ce, "Kawu, wannan ai da sauƙi, an san mene ne. Doguwar riga ce matsala. In ƙawata Bafaranshiya ta sa, ado ne. In ni na sa, sai an kira ni ofis a tambaye ni niyyata." Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Abaya ba ta da wani tambari a jiki. Wanda ke tsaye a ƙofa dole fuska zai duba, ko suna, kafin ya yanke hukunci.

Amma fa kada mu mai da su mahaukata. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, ɗan asalin yankin nan. Ya ce da ni, "Ɗana, ku ba ku san abin da muka gani ba." Ya kawo kisan da aka yi wa 'yan Furotesta a Paris a 1572, ya kawo zamanin da coci ke riƙe da makarantu tana juya siyasa yadda take so. A wurinsa aji wuri ne da yaro zai ɗan huta daga matsin gida da na unguwa, kuma ya ce akwai 'yan matan da dokar ta zame musu mafaka. Sannan ya ambaci Samuel Paty, malamin da aka yi wa yankan rago a Oktoba 2020 kusa da makarantarsa. A garin nan ma an harbe mutane a kasuwar Kirsimeti a Disamba 2018. Tsoronsu ba na ƙarya ba ne. Inda muka rabu da shi, na ce Baba, wanda ya ɗauki wuƙa daban, yarinyar da ta sa doguwar riga daban. Kuma kwamitin Stasi, wanda Chirac ya kafa, da ya ba da shawarar dokar 2004 ya ce a ba ɗalibai hutun Babbar Sallah da na babbar ranar Yahudawa. Aka ɗauki hanin, aka bar hutun a takarda. Ranakun hutu 11 ne a ƙasar, 6 na Kirista ne, mu nan Alsace har da ƙarin biyu.

To ga mu a babban masallaci, a bakin kogin Ill. Ku dubi ƙubbar, da jan ƙarfe aka lulluɓe ta. Ba hasumiya, tana cikin zanen farko, aka cire ta. A 2012 aka buɗe shi, kuma hukumomin gari da na yanki sun sa kuɗi a ginin, abin da doka ba za ta bari a yi kai tsaye a Lyon ko Marseille ba. A shekarar ce kuma garin ya buɗe maƙabartar Musulmi ta hukuma. Ashe in an ga dama ana samun hanya. Amma a 2021, da majalisar gari ta amince a ba wani masallacin Turkawa a unguwar Meinau tallafin yuro miliyan 2.5, ministan cikin gida Gérald Darmanin ya tayar da ƙura, a ƙarshe masu masallacin suka janye buƙatarsu.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da wasunku za su ji haushina. Ni ɗan Damagaram ne. A Janairu 2015, kan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Paris, an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. Kiristocin da aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana komai ba, maƙwabtanmu ne, wasunsu da Hausa suke addu'a. Laifi tudu ne. Sai da na zauna inda muke 'yan tsiraru, inda ranar Idi sai na roƙi izini a wurin aiki, sannan na fara tunanin yadda suke kwana a garinmu. Haƙƙin da nake nema wa 'yar yayata a nan, shi ne nasu a can.

Ita kuwa yarinyar, lissafinta ya wuce sakandare. Ta san a jami'a ba mai taɓa mata mayafi. Amma aikin jinya take so, kuma duk ma'aikacin asibitin gwamnati doka ta hana shi nuna alamar addini a bakin aiki. Babanta ya ce ta nemi asibitin kuɗi, ita kuma ta fara koyon Jamusanci da gaske, tunda taragon layin D yana tsallaka kogin Rhin ya sauke ka a Kehl, wani gari na Jamus. Uwar ba ta so, ta ce ba ta haifi 'ya don ta riƙa tsallaka iyaka kullum ba. Har yanzu ba su daidaita ba.

An fara shiga sahun la'asar, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki lokacin sallah. Bari in kashe kyamarar, sai mun haɗu.