Makro da manhaja: ina iyakar take?

Laccar da aka yi wa masu buga takardu da kwamfuta a Katsina, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, yawancinku furojet ɗin ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua kuke bugawa, kuma da Microsoft Word kuke aiki. Akwai maganar da nake yawan ji a shagunanku, wai makro, wato jerin umarnin da Word ke adanawa ya maimaita maka, ba manhaja ba ne, naɗar aikin hannu ne kawai. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ina so mu tsaya a kai sosai.

Na san inda ta samo asali. Ɗalibi ya kawo aikin Hausa, ya rubuta k' da d' da b' a maimakon ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka kunna naɗar makro, ka sauya su sau ɗaya, ka tsayar. Gobe maɓalli guda ya ishe ka. Ba ka rubuta komai ba, don haka kake ganin ba ka tsara manhaja ba. To, danna Alt da F11 ka gani. Duk motsin da ka yi, Word ya rubuta shi layi-layi da harshen VBA, wanda ya shigo tun Word 97 ya maye gurbin WordBasic. A nan za ka iya sa sharaɗi, ka sa maimaici, ka sa a buɗe wasu fayil ko a goge su. Me ya rage na manhaja?

Bambancin gaskiya a mazauni yake. Manhaja tana tsaye da ƙafarta, Windows ke tashinta kai tsaye. Makro kuwa sai Word ya tashe shi, kuma a cikin takarda yake zaune, ko a cikin Normal.dotm, fayil ɗin da Word ke gina sababbin takardu a kansa. Kamar yaron shago ne: shagon ba nasa ba ne, amma makullin yana hannunsa.

Abin da ya sa na damu ke nan. A 1995 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Concept ta bazu ta takardun Word. A watan Maris na 1999 wata mai suna Melissa ta riƙa aika kanta ta imel ga adireshi 50 na farko a Outlook ɗin duk wanda ya buɗe ta. Dukansu makro ne. Daga Office 2007 aka raba nau'in fayil na Word gida biyu: docx ba ya ɗaukar makro, docm ne ke ɗauka. A 2022 kuma Microsoft ya fara toshe makro a takardun da aka sauko da su daga intanet.

Malam daga baya yana tambaya, ko a daina amfani da shi? A'a, Malam, wanda ka naɗa da hannunka ka ci moriyarsa, yana rage wahala ƙwarai. Amma in ɗalibi ya miƙo filashi, ka ga docm, Word kuma ya nemi izinin kunna makro, kada ka ba shi. Rubutun zai buɗe ba tare da shi ba, ka gyara ka buga abinka.