Amsoshin Tambayoyinku: Wa ya yi wa Kadinal Arinze baftisma?

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ƙanƙane ne, don haka ba doguwar gaisuwa. Yau muna tare da wani Fada na ɗarikar Katolika. Fada, sannu da zuwa.

Fada: Yawwa, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Kafanchan. Ya ce in ɗan Anglican ya koma Katolika, sai an sake masa baftisma?

Fada: A'a. In an yi masa da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba a maimaitawa. Zai koyi katikisim, wato koyarwar ɗarikar, ya furta bangaskiyarsa a gaban jama'a.

Mai gabatarwa: Sai wani matashi daga Kaduna, yana tambayar kwana nawa ake ɗauka, wai yana sauri. Ya ƙara da cewa yarinyar da yake nema 'yar Katolika ce. To, ɗan samari, ka tona wa kanka asiri.

Fada: Ai kam! Wanda ba a taɓa yi wa baftisma ba, karatun watanni ne, wani wurin har shekara ko fiye, kuma galibi a daren jajibirin Ista ake yi. In don yarinya ce kawai, ya zo mu zauna tukuna.

Mai gabatarwa: To, ga wadda mutum huɗu suka aiko, daga Shendam, Zariya, Yola da kuma Garwa ta Kamaru. Sun ce da gaske ne ba a gidan Kirista aka haifi Kadinal Francis Arinze ba? In haka ne, wa ya jawo shi? Bari in maimaita: wane ne sanadin shigar Arinze Katolika?

Fada: Gaskiya ne. An haife shi a 1932 a Eziowelle, jihar Anambra ta yanzu, iyayensa masu addinin gargajiya ne. Yana da shekara 9, a 1941, aka yi masa baftisma, kuma wanda ya yi masa shi ne Fada Michael Tansi. Iyayen ba su so ba da farko, daga baya su ma suka shigo. Amma bari in faɗa muku wane ne Tansi, don a nan maganar take. Shi ma ba a cikin coci aka haife shi ba. Mutumin Aguleri ne, haihuwar 1903. Ya yi koyarwa kafin ya shiga makarantar horon limamai, aka naɗa shi Fada a Onitsha a 1937, lokacin da kusan duk Fadan da ka gani Bature ne. Da aka ba shi Dunukofia, ƙauye-ƙauye yake bi, yau a ƙafa, gobe a keke. Abincinsa bai fi na talakan garin ba. Yana da zafi fa, kada a ce na ɓoye. In ka yi wasa da aure ko ka wulaƙanta mace, za ka ji a jikinka. To yaro yana ganin wannan kullum. Ba muhawara aka yi da shi aka kayar da shi ba, mutum ya gani. Irin haka ta faru a Ingila ma. John Henry Newman babban malamin Anglican ne a Oxford, ya yi shekaru yana karatu yana jinkiri. Sai ga wani Fada ɗan Italiya, Dominic Barberi, Turancinsa ma a karye, yara na jifarsa da duwatsu a titi, bai fasa wa'azi ba. A watan Oktoba na 1845 ya iso Littlemore, inda Newman yake zaune, cikin dare, ruwa ya yi masa dukan tsiya, yana shan wuta don ya bushe, sai Newman ya durƙusa a gabansa ya ce a karɓe shi. Shi kuwa Agustin, tun a shekarar 387, Ambros na Milan...

Mai gabatarwa: Fada, ranka ya daɗe, mun bar Anambra mun je Ingila, yanzu kuma ka nufi Milan. Agogo na harararmu. A dawo gida.

Fada: To, na dawo. Tansi ya tafi Ingila a 1950, ya shiga gidan sufaye na Mount Saint Bernard, a can Ingila ya rasu a 1964. Yaron da ya yi wa baftisma ya zama Fada a 1958, Bishop a 1965 yana da shekara 32, Kadinal a 1985. Ya kuma daɗe yana shugabantar ofishin Vatican mai hulɗa da sauran addinai, shi ya sa malaman Musulmi da yawa suka san shi. A 1998 Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Najeriya ya ayyana Tansi a matsayin mai albarka, wato mataki ɗaya kafin a kira shi waliyyi.

Mai gabatarwa: Ga waɗanda suka kama mu a tsakiya: Fada Michael Tansi ne, a 1941. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne keken nan. A ganina, da a bayan gilashin mota yake ratsa ƙauyukan, da wuya yaron ya san fuskarsa. Ba da kai nake ba, Fada, na ga motarka a waje.

Fada: Ta cocin ce, kuma sai an tura take tashi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga wata mama a Zonkwa. Ta ce saboda halin wani Fada ta shiga Katolika, yanzu an yi masa canjin wurin aiki, ta daina zuwa Misa, sabon bai kwanta mata ba. Haba Mama! Don direba ya sauka sai ki bar motar a daji?

Fada: Kada ka matsa mata, abin yana da ciwo. Amma Mama, wanda kika gani kika bi, ba kansa yake nuna miki ba. In ya ji kin zauna a gida, shi zai fi kowa baƙin ciki. Ki je ranar Lahadi, ki gaisa da sabon, ki ba shi ko wata uku.

Mai gabatarwa: Kin ji, Mama, wata uku, sannan ki sake rubuto mana. Mai tambaya daga Maraɗi kan dalilin da ya sa Fada ba ya aure, yi haƙuri, wasiƙarka na saman tebur, da ita za mu buɗe mako mai zuwa.