Jan Ƙarfe da Iskar Oksijin a Ɗakin Gwaji

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, abubuwa uku na yi niyyar kawo muku yau. Na farko, duk wadda ta taɓa fere doya ko dankalin turawa ta bar shi a fili ta ga yadda yake dishewa ya yi baƙi kafin a ɗora tukunya. Wannan aikin enzayim ne, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, mai ƙwayoyin jan ƙarfe biyu da ke kama oksijin, ɗan uwan tirosinas da ke samar da launin fatarmu. Sai dai furotin ɗin ƙato ne, abin da ke gudana a tsakiyarsa kuma ba ya daɗewa, shi ya sa masana sinadarai suke ƙera ƙaramin samfuri, su kewaye jan ƙarfe da ƙwayoyin naitirojin kamar yadda histidin, ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin, ke riƙe shi a cikin furotin, sannan su sanyaya shi zuwa digiri 80 ƙasa da sifili domin ya tsaya a gan shi.

Na biyu, a 1988 Kenneth Karlin a Amurka ya fitar da siffar farko ta irin wannan samfuri riƙe da oksijin, inda kowane jan ƙarfe ya riƙe ƙwayar oksijin ɗaya. Amma ku ba ni hankalinku a nan, na baya ma ku matso. A 1989 Nobumasa Kitajima a Tokyo ya samu wata siffa dabam: oksijin ɗin ya kwanta a gicce tsakanin jan ƙarfen biyu, kowannensu ya kama ƙwayoyin biyu gaba ɗaya. Launin samfurin da yadda yake shan haske suka yi daidai da na himosayanin, furotin da ke sa jinin dorinar ruwa ya zama shuɗi. Sai a 1994 aka ga ainihin furotin ɗin riƙe da oksijin, kuma siffar Kitajima aka tarar, tazarar jan ƙarfen biyu wajen angistirom 3.6 (angistirom ma'auni ne na tazarar ƙwayoyin zarra). Ina maimaitawa, samfurin ya riga furotin da shekara biyar! A ganina babu hujjar amfanin ƙera samfuri da ta fi wannan ƙarfi.

Na uku, William Tolman ya nuna a 1996 cewa haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin oksijin biyun yana iya tsinkewa ya sake ɗinkewa.

Na'am, malama? Tana tambaya ko wannan yana da amfani a masana'anta. Yana da shi ƙwarai. Enzayim ɗin galaktos oksidas yana mayar da alkohol ya zama aldehaid, sinadarin da ake samu idan aka cire wa alkohol ƙwayoyin haidirojin biyu, da jan ƙarfe ɗaya tak, tare da taimakon tirosin, wani tubalin furotin, da ke karɓar ilektoron guda. Daniel Stack ya kwaikwaye shi a 1998, a 2011 kuma Shannon Stahl ya haɗa jan ƙarfe da sinadarin TEMPO, mai taimakawa wajen karɓar ilektoron, ya yi irin wannan aikin da iskar da muke shaƙa, ba tare da gishirin kuromiyom mai guba da aka saba amfani da shi ba.