Darasi: Rajista da zaɓen rediyon teku ga jirgin da ke ajiye a ƙasar waje

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina magana da ku ne daga cikin jirgin, a Firebeza ta ƙasar Girka, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Wani ɗan'uwa da ke zaune a Ingila ya tambaye ni: ya sayi ɗan jirgin ruwa na shaƙatawa, zai riƙa ajiye shi a nan Girka, to a wajen wa zai yi wa rediyonsa rajista?

Malam, rediyo tuta yake bi. In jirginka tutar Birtaniya yake ɗauke da ita, ko shekara 10 ya yi a ruwan Girka, Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, ita ce za ta ba ka lasisi. Ta intanet kyauta ne. Amma ka lura, lasisin iri biyu ne. Akwai na jirgi, akwai na rediyon hannu kaɗai, wanda ba ya aiki sai a cikin ruwan Birtaniya. Kai da jirginka ke waje, na jirgi za ka nema, ka sa oba-obarka ta hannu a cikinsa. Wannan lasisin na na'ura ne. Kai mai magana kuma sai ka yi kwas ka ci jarrabawar SRC ta takardar shaidar iya amfani da rediyon teku, wadda RYA, ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa na shaƙatawa ta Birtaniya, ke gudanarwa. Ka ajiye takardun biyu tare da na jirgi, don jami'an tashar ruwa suna iya cewa a nuna musu.

To, matso da kyamara nan. Kun ga wannan lambar a fuskar rediyon? Ita ce MMSI, lambar shaidar jirgi a rediyo, alƙaluma 9 ne, uku na farko kuma su ke nuna ƙasa. Birtaniya 232 zuwa 235, Girka akwai 237 da 239 da 240 da 241, Nijeriya 657. Ga kuma jan murfin nan. In ka ɗaga shi ka danne maɓallin da ke ƙasa na 'yan daƙiƙu, rediyon zai aika da wannan lamba da inda kake ta tasha ta 70, ba sai ka buɗe baki ba. Masu ceto su duba rajista, su ga sunan jirgi da wanda za a kira a gida.

A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Jirgin nan na hannu na saye shi. Na yi damina guda cur ina yawo da iyalina tsakanin tsibiran nan, ban taɓa duba lambar ba. Ranar da na duba, sai na ga ta fara da 211, wato Jamus. Lambar tsohon mai jirgin ce. Da wani abu ya same mu, Allah ya kiyaye, da an je ana neman jirgi mai wani suna, ana buga wa mutanen da ba su san mu ba waya. Kuma yawancin rediyon nan sau ɗaya suke barin ka shigar da lamba, in za a canza sai an kai wa dila ya goge. Haka na kwance shi na kai. Don Allah, yau ɗin nan ka je ka duba taka. In kana da na'urar AIS, mai sanar da sauran jirage inda jirginka yake, ita ma lamba ɗaya za ta ɗauka.

Wajen saye, ni shawarata ka fara da na girke a cikin jirgi, mai DSC, wato tsarin jan maɓallin nan na neman ceto, mai GPS a cikinsa. Ƙarfinsa wat 25 ne, na hannu kuwa 5 ko 6. Sai dai abin da ke kai murya nesa tsayin eriya ne, domin VHF, wato irin zangon da rediyon teku ke amfani da shi, kusan iyakar inda ido ke hangowa yake zuwa. Eriyar da ke can ƙolin sandan jirgi tana iya kaiwa tashar gaɓar teku mai nisan mil 20 ko fiye, oba-oba biyu kuwa bayan 'yan mil kaɗan sun daina jin juna. Duk da haka kada ka rasa ta hannu, mai yawo a saman ruwa in ta faɗa. In sanda ya karye ko batirin jirgi ya mutu, ita ce za ta rage maka.

Wanda ya sayo rediyo daga Amurka don araha, ya shiga saitinsa ya mayar da shi INT, wato tsarin ƙasa da ƙasa, don tsarin tashoshinsu ya bambanta da na Turai. Mai niyyar shiga koguna da magudanan Faransa ko Jamus kuma yana buƙatar lambar ATIS, wadda rediyo ke aikawa da kansa don a gane mai magana, ita ma Ofcom ke bayarwa. Na'urar EPIRB mai aiki a 406 MHz, wadda ke aika siginar neman ceto ta tauraron ɗan'adam, rajistarta daban ce, a ofishin da ke garin Falmos a Ingila.

Yanzu bari mu gwada. Tasha ta 16 ta kiran gaggawa ce, ba a cika ta da gwaji, don haka zan koma tashar ofishin matsayar nan, in rage ƙarfi zuwa wat 1. Ku saurara ku ji yadda zan fara da sunansu, sannan in faɗi sunan jirgina.