Ƙunar Sinadari a Masana'anta: Lacca ga Ma'aikata a Kano

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? Madalla. Abu 3 zan faɗa, in lokaci ya bari.

Na farko, ruwa. Ku masu aikin fata a Sharaɗa da Chalawa, da masu yin sabulu, kullum kuna tare da asid da soda. In ya zubo maka, cire rigar da ta jiƙe, har agogo da zobe, ka sa wurin a bakin famfo minti 20 aƙalla. Minti 20 fa! Ba irin wanke hannun cin tuwo ba. In a ido ne, a buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa. In gari ne busasshe, a kakkaɓe shi tukuna. Sannan asibiti.

Kowa asid yake tsoro, don nan take yake zafi. Ni soda ta fi ba ni tsoro. Asid yakan daskarar da nama, ya yi ɓawon da zai rage masa shiga. Soda kuwa, fata ta yi santsi ka ce ba komai, alhali kitsen jikinka take narkarwa tana nutsawa ciki. Sai dare ka ga rami. Kada wani ya ce zai zuba soda ya kashe asid. Haɗuwarsu zafi take haifarwa, ƙuna kan ƙuna. Man ja, ƙwai, man goge baki, baƙin mai, Alhaji na ga kana dariya, duk a ajiye. Ruwa. Na ce ruwa.

Na biyu, safar hannu, tabarau, takalmin roba. Na san ana zafi, a daure. Wajen haɗi kuma asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Na huɗu, ko na uku ne?

(Wani daga cikin jama'a: Malam, wa zai biya kuɗin magani?)

Yauwa ɗan'uwa. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, tana hannun hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya. Mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a yanka daga naka, kuma har leburan wucin gadi ta shafa. Amma ka sanar da kamfani cikin kwana 14, su kuma su kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Ka yi a rubuce, ka riƙe kwafi da takardun asibiti.